GILASHIN AUTAN INNA

Shafi na 34

Daga alƙalamin Maman Ashraf

Masu bi na ta bayan fage kuna cewa na cika mugunta, wai in sassauta wa Dakta Alamin, duk na ga saƙonninku. Hajiya Sabuwa har da rantsuwa ta daina karantawa, ga shi yau ita ta fara tashi na da tambayar ko na yi rubutu. Ni dai yadda labari ya zo mini haka nake ba ku. Mai saurin kuka ta jawo gefen mayafinta kusa.

Wanda ya shigo mana yau kuma, ga inda muke. Shekarar da soja suka miƙa mulki Dakta Alamin ya tattaro ya baro Turai, a zatonsa gari ya waye, za a saurari masu ilimi. Abin da ya dawo da shi ɗan akwati ne cike da ƙananan gilasai, ya ce ya zana wa haske hanyoyi a cikinsu. Ba wanda ya ga hanyar sai matarsa Safara'u, ita ma sau ɗaya. Yau danginsa sun shirya kai shi gidan mai maganin taɓin hankali.

*

Safara'u ce ta fara fitowa daga motar Alhaji Sada.

Kwana biyu ke nan suna gidan Alhaji a unguwar Kambarawa. Tun ranar da Dakta ya karɓe lasifika a walimar sababbin zaɓaɓɓu ya hau yi musu bayanin gilashi, 'yan banga suka fito da shi da yagaggiyar riga, yayansa Alhaji Sada ya kulle shi a ɗakin baƙi. Alhaji yana neman shiga wurin sabuwar gwamnati, ga ƙaninsa ya zubar masa da mutunci a gaban manya. Ita kuwa Safara'u ta ce ba inda za ta, a falon matar gidan ta riƙa kwana.

Wata a-kori-kura ta tsaya a bayansu, nan ƙofar gidan gado a Ƙofar Guga. Ƙarti biyu ne a ciki, daga gidan mai maganin can wani ƙauye bayan Batagarawa. Da ta saci kallon bayan motar, sai ta hango mari da igiya. Ta san masu shiga gidan nan, ta kuma san yadda suke fitowa, in sun fito.

Albarkacin Baffa Hamman, ƙanin mahaifinsu, aka biyo ta gida. Tsohon ya baro shanunsa ya zo, ya buga sanda a ƙasa ya ce shi ba za a ɗaure ɗan ɗan'uwansa ba sai ya ga abin nan da idonsa.

"Safara'u," Alamin ya kira ta a hankali. Ya rame, amma idonsa yau da haske. "Akwatin shina ƙarƙashin gado. Ki riƙo shi da hannu biyu, kada ki girgiza."

"To, Dakta."

"Ki daina kuka. Ba ke kin gani ba rannan?"

"Na gani."

"To yau kowa zai gani."

Ta shige cikin gida da sauri.

Tun daga tsakar gida ta ja ta tsaya. Ƙofar ɗakin Dakta a buɗe take, ɗakin da ko ita sai ta wanke hannu take shiga. An cire bargunan da yake toshe tagogi da su, an share, har turaren wuta aka saka.

"Inna! Inna, wa ya buɗe ɗakin nan?"

"Ke kau da ihu kamar an yi gobara. Ga ni nan."

Inna Hajo, mahaifiyar su Dakta, na zaune a gindin rijiya, inda ta saba wanke ƙorenta. Shekarunta nawa a birni, amma har gobe ƙoren da ta zo da su daga ruga sai ta fito da su ta dirje da yashi da toka, ta jera a rana suna ɗaukar ido. A wurin Inna, duk abin da kake so, dirza shi ake yi.

Yau ba ƙore ta jera ba.

A kan faifai ne. Gilasan Dakta, kowanne kamar rabin akwatin ashana, an jera su reras suna ƙyalli. Gefe ga kaskon toka, ga yashi, ga dutsen wasa wuƙa ya yi fari fat.

Safara'u ta dafa bango.

"Zo ki gani, ɗiyata," Inna ta ce tana murmushi. "Tun randa anka tahi da shi nike fama. Ko barcin kirki ban yi ba."

"Inna... mi kika yi masu?"

"Gyara na yi. Na ji wancan shina cewa manya za su duba kayan Auta." Inna ba ta kama sunan Alhaji Sada, ɗan fari ne. "Na ce bari in ga abin da ake ma yarona dariya a kai. Da na ɗaga guda a rana, na karkata shi haka, sai ga wasu 'yan layuka a ciki sirara, kamar gashin jariri."

"Kin gan su, Inna? Da idonki?"

"Yo ni da ke gane tsaguwar ƙwarya tun ba ta buɗe ba? Sarai na gan su. Wani ma layin sai ya tahi ya rabu biyu. Na ce ashe shi ya sa! Kaya duk sun yi zane, wa zai ga darajarsu? Shi kuma namiji ne, bai san gyara ba."

Safara'u ta toshe bakinta da mayafi.

"Na sa toka, ba su fita ba. Na sa yashi, suna nan. Sai da na ɗauko dutse. Kin ga hannuna." Ta miƙo yatsunta, duk an naɗe su da tsumma, jini ya ɓullo ta wani wurin. "Na bi bakunan ma na dakushe, don rannan na ga ya yanke a yatsa. Da sunka yi fari sai na shafa masu man shanu, kin ga yadda sunka dawo. Duba ki gani, ko layi ɗaya ba ki samu."

Jama'a, ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na yi tagumi.

Safara'u ba ta yi boko mai nisa ba, amma zama da Dakta ya koya mata abu biyu. Hanyoyin nan ba su da nisa da fatar gilashin, ba su kai kaurin farce ba. Na'urar da ta zana su kuma tana can ƙasar da ya baro, an riga an ba wani gurbinsa. Abin da Inna ta goge da dutse, duk faɗin ƙasar nan babu mai iya mayar da shi.

Ta buɗe baki, ta tuna ranar da Inna ta yanke jiki ta faɗi a rasuwar Malam mahaifin su Dakta, da abin da likita ya ce game da zuciyarta. Ta mayar da bakin ta rufe.

"Safara'u!" muryar Alhaji Sada ta taso daga zaure. "Haƙo akwatin kike yi?"

Inna ta riƙa ɗaukar gilasan tana jerawa a akwati, tana goge kowanne da gefen zane.

"Maza kai masu. Kada ki ce ni na gyara, so nike shi gani da kanshi."

*

A zaure Alamin ya riga ya kafa kayansa. Ɗan katako ne mai kusoshi da kafinta ya haɗa masa, da idon madubin likita da ya aro a wata makaranta, da 'yar fitilar leza mai jan haske irin ta maƙalin makulli. Ya sa an rufe ƙofar waje, an toshe tagar sama da buhu.

Baffa Hamman na kan buzu. Alhaji Sada ya ƙi zama, yana ta kaɗa makullin mota.

"Baffa, ka san yadda ruwa ke bin kwata?"

"Na sani."

"To haske ma ana yi mashi hanya. Can inda na yi karatu akwai wata na'urar leza, ta cika rabin zauren ga. Haskenta ba ci shike kamar na fitila ba, walƙiya shike yi gajeruwa ƙwarai, kafin zafi shi samu damar fasa gilashi har ta wuce. Sai mu tattara hasken da madubi, shi ratsa fatar gilashin bai taɓa ta ba. Can ciki inda ya haɗu ya yi tsini, nan shike sauya jikin gilashin. Muna jan gilashin sannu sannu, shina barin layi a ciki, ya fi gashi siranta."

"Ikon Allah. Sai a yi mi da layin?"

"In ka sa haske a bakinshi, ba shi kaucewa, layin zai bi har shi fita ta ɗaya gefen. Haske kuma shina ɗaukar magana, Baffa. Watarana hirar mutanen Katsina duka tana iya bi ta cikin abu kamar wanga."

Alhaji Sada ya ja tsaki.

"Ka ji ko, Baffa? Garin da mutum ke wuni gaban tarho bai samu layi ba. Haka ya tsaya gaban manyan mutane shina faɗi, ni ina neman inda zan sa kaina."

"Yaya, ka ba ni minti kaɗan."

"Wata da watanni na ba ka. Ka toshe ɗaki da bargo da rana tsaka. Ka hana shara. Ka sa safar hannu kamar mai wankan gawa. Kana magana kai kaɗai. In wannan ba taɓuwa ba ce, mi ce ce?"

"Ya isa, Sada," Baffa ya ce. "Kai Alamin, mi za mu gani?"

"Wanda zan sa, hanyarshi reshe biyu gare ta. Haske ɗaya zai shiga, ɗigo biyu za su fito a bangon can. In ba ku ga biyu ba, da ƙafata zan shiga motar."

"Ka ji da bakinshi," Alhaji ya ce.

Safara'u ta shigo da sallamar da ba ta fita sosai ba. Ta durƙusa ta ajiye akwatin a gabansa. Ta so ya dube ta ko sau ɗaya, amma hankalinsa na kan safar da yake sawa.

Ya ɗaga murfin.

Ƙamshin man shanu ya bugi hancinsa.

Ya tsaya.

Ya ɗauki guda, ya juya shi. Ya murza da babban yatsa, man ya goge, wurin ya fito fari kamar ƙanƙara. Ya duba bakin gilashin, bakin da ya kwashe makonni yana gogewa a Turai har ya fi madubi santsi. Ya zama kamar bakin tsohuwar kwalba.

Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku.

"Lahiya?" Baffa ya tambaya.

Alamin ya ajiye sauran. Ya ɗora ɗaya a kan katakon, ya danna fitilar, ya hau murɗa kusoshi. Jan haske ya watsu a bango, ya yi dame-dame kamar an watsa ruwan goro. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama. Ya canza wani. Duk ɗaya.

"Ina ɗigo biyun?" Alhaji Sada ya ce.

Alamin ya sake murɗa kusoshin.

"Baffa, kai ka ga biyu? Ko idona ne?"

Baffa Hamman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wallahi tsohon nan ya so ya gani.

Alamin ya juyo ga matarsa.

"Wa?"

Hawaye suka zubo wa Safara'u. Idonta ne ya ci amanarta, ya tafi ga ƙofar cikin gida. Ya bi kallonta. A jikin labulen zana ya ga yatsu huɗu naɗe da tsumma sun riƙe gefe, ga rabin fuskar Inna tana leƙe, tana jiran ta ji an yaba.

Ya daɗe yana kallon yatsun.

"Dakta," Safara'u ta matso tana raɗa, "ta gan su. Wallahi ta ga layukan da idonta, har mai reshe biyun. Ka bari ta faɗa masu."

"Ta faɗa masu mi? Cewa ita ta goge?"

"To ɗaure ka za su yi!"

"In ta gane abin da ta yi, ba ta kai la'asar. Kin manta maganar likita?"

"Mi kuke ƙus-ƙus?" Alhaji ya daka tsawa. Ya leƙa waje. "Kai, ku matso da motar!"

Sai Alamin ya zabura kamar an tsikare shi.

"Tsaya, Yaya! Saura ɗaya!" Ya kamo hannun Safara'u a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. "Gafakar Malam da ke rataye a ɗakina. Cikin aljihunta na baya akwai ɗaya naɗe da farin ƙyalle. Shi ne na farko da na zana, shi ya fi duka kyau. Ban taɓa haɗa shi da sauran ba. Yi gudu!"

Ta fita da gudu har tana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Kai, ni ma nan sai da na ce Alhamdu lillahi.

A-kori-kurar ta matso daf da ƙofa. Alamin ya goge idon madubin, ya sake daidaita katakon, leɓɓansa na motsi. Baffa ya ɗago kai, ya gyara zama.

Safara'u ta dawo.

Gafakar ce a hannunta, da farin ƙyalle. Ƙyallen kawai.

"Babu," ta ce.

"Ki duba da kyau!"

"Na zazzage, Dakta. Babu."

Labulen zana ya motsa. Inna Hajo ta shigo da sallama, ta rusuna wa Baffa Hamman, ta kawar da kai daga ɗan farinta. Sai ta hau kwance ƙullin da ke bakin zanenta, yatsun na ba ta wahala.

"Wanga kake nema, Auta?"

Ta miƙo tafin hannunta.

"Na san shi ka fi so, tunda cikin gafakar mahaifinku ka ɓoye shi. Shi ya fi ba ni wuya, layinshi ya yi zurfi. Sai da na kwana biyu a kanshi. Na ce wanga ba ni sa shi cikin akwati, da hannuna zan ba ka."

Gilashin ya sirance, ya kusa zama ɓawon albasa. Yana ta ƙyallin man shanu.

"Layi?" Baffa Hamman ya ɗago. "Wane layi, Hajo?"

Alamin ya riga ta.

"Datti take nufi, Baffa. Ƙura ce ta kwanta masu."

Ya karɓi gilashin da hannu biyu. Inna ta leƙa fuskarsa, murmushinta ya fara raguwa.

"Ko ban yi daidai ba? Na ga kamar ranka ya ɓaci."

Ya durƙusa a gabanta. Ya kama yatsun nan masu tsumma ya riƙe, kamar yadda yake riƙe gilasansa.

"Kin yi daidai, Inna. Ba su taɓa yin kyau irin na yau ba. Allah shi saka maki da Aljanna."

"Amin, Auta. To ka nuna masu mana."

Ya miƙe. Ya kashe 'yar fitilar, jan hasken ya ɓace daga bango. Ya cire safar hannunsa ya ninke, ya ɗora a kan akwatin.

"Yaya, kai ke da gaskiya," ya ce. "Babu komi a cikinsu. Tun can babu. Ni ne ba ni da lahiya."

"Alhamdu lillahi, tunda ka gane," Alhaji Sada ya ce, amma muryarsa ta yi sanyi. Ya buɗe ƙofar waje.

Rana ta faɗo cikin zauren. Ƙartin nan biyu suka shigo, ɗaya da igiya a kafaɗa. Alamin ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa musu tun ba su tambaya ba.

"Ina za a kai shi?" Inna ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Ba na gyara ba? Hamman, ba ku ga kayan ba ne? Ku duba da kyau hwa, ko layi ɗaya ban bari ba!"

Igiya ta zagaya wuyan hannunsa sau ɗaya. Ta sake zagayawa.

Safara'u ta yar da gafakar. Ta sha gaban ƙofa, ta ware hannuwa, mayafinta ya zame ba ta ko kula ba.

"Wallahi ba mai fita da shi!"

"Safara'u." Alamin ya girgiza mata kai, idonsa jajur. "Na roƙe ki don Allah. In kin faɗa, ban yafe ba."

Ta dube shi. Ta dubi marin da ke bayan mota. Ta juya ta dubi tsohuwar da ta dafe ƙirji da hannu mai tsumma, tana haki sama-sama.

"Inna," ta ce, "layukan nan da kika goge..."

"Na'am, ɗiyata? Mi ya samu layukan?"